Satar Biro: Me Ya Sa Wanda Ya Fara Ba Ya Iya Dainawa?

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa masu daraja.

Akwai ɓarawon da ba ya haura katanga kuma ba ya ɓalle ƙofa, domin shi aka damƙa wa makullin. Akanta ne, ko ma'aji, ko manajan banki, ko jami'in da ke sa hannu a takardun kwangila, kuma sau da yawa albashinsa ya ishe shi rufin asiri. Abin da ya daɗe yana damuna game da shi shi ne yadda yake komawa ga laifin, shekara da shekaru, alhali yana salla a sahun gaba.

Ina ganin tushen abin yana ga sunan da ya raɗa wa ɗaukar farko. Wani masani ɗan Amurka, Donald Cressey, ya zauna da fursunonin da aka ɗaure saboda cin amanar kuɗin da aka ba su riƙo, ya wallafa bincikensa a 1953. Ya gano cewa da yawansu ba su ɗauki kansu ɓarayi ba, suna cewa aro suka yi. Ku kalli yadda abin yake faruwa. Ƙarshen wata ya gabato, bashi ya matsa, ma'aji yana zaune shi kaɗai bayan an tashi daga aiki, sai ya ce a ransa, "Zan mayar idan albashi ya shigo." Albashi ya shigo, bai mayar ba, kuma babu wanda ya tambaya. Wata na gaba hannunsa ba ya rawa kamar da. Wani zai ce haƙƙinsa ne da aka tauye, wani zai ce na goro ne, wani kuma zai ce kowa ma haka yake yi. Allah Yana tambaya a Suratu Faɗir, aya ta 8, game da wanda aka ƙawata masa mugun aikinsa har ya gan shi kyakkyawa. Ta yaya mutum zai tuba daga abin da bai yarda zunubi ba ne?

Manzon Allah (SAW) bai bar wannan canza suna ya wuce ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa ya aiki Ibnul Lutbiyya karɓar zakka, da ya dawo sai ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Annabi (SAW) ya hau mimbari ya tambaya, me ya hana shi zama a gidan mahaifinsa ko mahaifiyarsa ya ga ko za a kawo masa kyautar? Kujerar aka bai wa, ba mutumin ba.

Daga nan sai ramin ya fara neman cikawa. Rasit ɗaya na bogi yana buƙatar na biyu da zai rufe shi kafin masu binciken kuɗi su zo. Nick Leeson, ma'aikacin bankin Barings a Singafo, ya fara ɓoye asara a wani asusu mai lamba 88888 a 1992, yana ta ƙara caca da kuɗin bankin don ya farfaɗo da abin da ya salwanta. A watan Fabrairun 1995 asarar ta kai fam miliyan 827, bankin da aka kafa a Ingila tun 1762 ya durƙushe. Irin wannan mutum ba daɗi yake ji ba. Tsoron tonon asiri ne ke kora shi, har hutun shekara yakan ƙi ɗauka don kada wani ya zauna a teburinsa ya buɗe littafin.

Abin da ya fi ba ni tsoro kuwa shi ne jinkirin kamu. Mai ƙwace yana ganin hawayen wanda ya zalunta, amma mai biro lambobi kawai yake gani, ba ya ganin tsohon da fanshonsa ya maƙale ko majinyacin da aka ce masa babu magani. Maimakon tsangwama, girmamawa yake samu, ana tashi idan ya shigo, ana yi masa addu'a idan ya ba da sadaka, sai ya zaci Allah ne Ya buɗa masa. Wannan shi ne talala, wadda Suratul A'araf ta ambata a aya ta 182. Kowane zunubi yana ɗiga baƙin ɗigo a zuciya, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito, har tsatsa ta lulluɓe ta.

Ya kai ɗan'uwana da ka san akwai "aron" da ba ka mayar ba, malamai sun ce tuba daga haƙƙin mutane ba ta cika da nadama da istigfari kaɗai, sai an mayar da haƙƙin ga masu shi. Muslim ya ruwaito cewa wanda aka ɗora kan aiki ya ɓoye ko da allura ce, zai zo da ita ranar alƙiyama. Ka zauna a daren nan ka rubuta adadin tun daga ɗaukar farko, ka rubuta "sata" a samansa, sa'an nan ka nemi malami amintacce ya nuna maka hanyar da za ka fara biya.