Haruffa huɗu ba za su gaya maka halinka ba

Duk mai leƙa shafukan sada zumunta ya ci karo da su: mutum ya liƙa haruffa huɗu a ƙarƙashin sunansa, INFJ ko ENTP, sai ka ce lambar mota. Ya amsa tambayoyi a intanet na ɗan lokaci, aka miƙa masa sakamako, shi ke nan wai ya san ko shi wane ne. A ganina, wanda ya zauna ya yi wa kansa hisabi zai fi wannan sanin halinsa nesa ba kusa ba. Sai dai hisabin yana da sharaɗi, kuma sharaɗin ba daɗi.

Haruffan sun samo asali daga gwajin Myers-Briggs, wanda Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers suka tsara a Amurka, suka ɗora shi kan littafin da masanin halayya Carl Jung ya fitar a 1921 game da nau'o'in halin ɗan Adam. Gwajin ya kasa mutane gida 16, kuma a wajen kasawar matsalar take. Ɗauki son shiga jama'a da son kaɗaici: yawancin mutane a tsakiya suke, yau nan gobe can. Gwajin kuwa dole ya tura ka gefe ɗaya. Wanda ya ɗan karkata kaɗan sai ya samu harafi ɗaya da wanda ya kai maƙura. Shi ya sa mutum kan sake gwajin bayan 'yan makonni ya fito da wasu haruffa daban, alhali ba abin da ya sauya a tare da shi.

To me ya sa sakamakon yake shiga rai haka? A 1948 wani malamin jami'a mai suna Bertram Forer ya yi wa ɗalibansa gwajin hali, ya ba kowa takardar da ya ce ta bayanin halinsa ce shi kaɗai. Da aka ce su auna dacewarta, maki ya haura 4 cikin 5. Ashe takarda iri ɗaya ya raba wa kowa, kuma daga littafin duban taurari ya tsinto jimlolin. Maganar da aka yi ta da faɗi, aka ɗan shafa mata yabo, kowa zai ga kansa a ciki.

Wani abin da ake mantawa shi ne gwajin ba shi da majiya sai kai. Kai ka ce kana son tsari, kai ka ce ba ka saurin fushi. Kwamfuta ta tattara ta mayar maka da kayanka. Saboda haka ko ka yi gwaji ko ba ka yi ba, a kan sanin da ka yi wa kanka ake gini.

Nan ne masu cewa "ni na fi kowa sanin kaina" ya kamata su dakata. A 1977 wasu masana halayyar ɗan Adam, Richard Nisbett da Timothy Wilson, sun wallafa wani bincike: an jera wa masu sayayya safa guda huɗu iri ɗaya sak, aka ce su zaɓi mafi kyau. Suka fi zaɓar ta hannun dama, da aka tambaye su dalili sai suka kama yabon saƙa da laushi. Da aka ce ko wurin da aka ajiye ta ne ya ja su, suka musa. Ba ƙarya suka yi ba. Zuciya ce ke ƙirƙiro dalili bayan aiki ya wuce, mai ita ya gaskata. Idan haka take kan safa, ina ga tambayar ko kai mai haƙuri ne? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Sharaɗin ke nan: ka bar tambayar "wane irin mutum ne ni", ka koma kan "me na aikata". Lokacin ƙarshe da aka ci maka gyara a gaban mutane, me ka yi, kuma kwana nawa abin ya yi yana cin ka? Bayan doguwar hira cikin taro, da ƙarfi kake komawa gida ko a gajiye? Alkawuran da ka ɗauka a watan jiya, nawa ka cika a kan lokaci? Waɗannan suna da amsa, kuma amsar ba ta sauraron son rai. Rubuta su ya fi, domin tunani yana gyara labari. Ka kuma duba kanka a wurare dabam-dabam, tunda akwai mai shiru a wurin aiki wanda ba a jin muryar kowa sai tasa cikin abokai. Dukansu shi ne.

Akwai kuma abin da ba za ka hango ba komai zurfin tunaninka. Binciken da masaniyar halayyar ɗan Adam Simine Vazire ta wallafa a 2010 ya nuna mutum ya fi kowa sanin abin da ke ɓoye a cikinsa, kamar fargaba da damuwa, amma a halayen da ake yabo ko zargi a kansu, irin su kaifin basira, abokansa sun fi shi daidai. Don haka ka samu mutum biyu ko uku da suka daɗe da kai, waɗanda ba sa cin abinci a hannunka, ka tambaye su yadda kake idan an saɓa maka. Inda maganarsu ta zo ɗaya, ta kuma sha bamban da taka, a nan ya kamata ka fi daɗewa.

Ban ce a jefar da kowane gwaji ba. Wanda masana suka fi aminta da shi, mai auna manyan halaye biyar, ba ya saka mutum a gida. Yana nuna masa inda ya tsaya tsakanin gefe biyu ne, ko ya yi nisa ko yana kusa da tsakiya. Wannan zai iya ba ka tambayoyin da za ka fara da su, amma shi ma abin da ka faɗa masa yake lissafawa.