Naira Tamanin da Biyar ta Mai Shayi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Daren jiya zaurenmu na WhatsApp na tsofaffin ɗalibai ya kacame da hira. Wani ne ya tono tsohon hoto: mu bakwai tsaye a ƙofar ɗakinmu na Suleiman Hall, a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, kowa siriri kamar sillen kara, wuya duk ƙashi. Nan fa aka ɓarke. Wannan ya tuno kwaɗon garin rogo da ƙuli-ƙuli, wancan ya tuno risho ɗaya da muke karɓa-karɓa a kansa, wani ya tuno muku-mukun sanyin Zariya, da yadda mutum zai tsaya gaban bokitin ruwa da asuba yana shawara da zuciyarsa. An tuno 'yan raɓe, waɗanda ba su sami gado ba muka matsa musu, har katifa ɗaya ta ɗauki mutum biyu. An tuno dawowa daga ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da tsakar dare, ido ja, ciki wayam.

Na yi dariya har da hawaye. Sai na ƙirga fuskokin da ke hoton, na ga biyu suna ƙarƙashin ƙasa. Allah Ya jiƙansu.

Abin da ya hana ni barci kuwa wani abu ne daban, wanda ba wanda ya ambata. Akwai wani dattijo mai shayi da muke zuwa wurinsa. Yana da ɗan littafi mai bangon shuɗi, duk ya sha maiƙo, inda yake rubuta bashinmu. "Baba, a rubuta, sai an aiko daga gida." Ya ce, "To ɗana, Allah Ya kawo." Ranar da na gama jarrabawar ƙarshe, ɗoki ya ɗebe ni, na ɗaure katifa na nufi tasha. Naira tamanin da biyar na bari a littafin nan. Yaran yanzu za su yi dariya, amma a lokacin takardar naira hamsin ce babba, don ta ɗari ma sai a ƙarshen 1999 ta fito. Wayar hannu kuwa sai 2001 ta shigo mana, saboda haka in ka bar gari, ka bar shi ke nan. Na ce zan biya in na koma karɓar sakamako. Na koma, na manta. Ko dai in faɗi gaskiya: na tuna, na ga layin mota, na ce wata rana.

'Yan uwa, mu da muka yi zaman hostal mun ƙirƙiro wa haƙƙin mutane sunaye masu daɗi. Ka zura silifas ɗin wani a ƙofar masallaci, ka ce aro. Ka tsiyaye kananzir ɗin ɗan ɗakinku, ka ce ai zaman tare ne. Ka buɗe lokar mutum ka ɗebi sukari da madara yana aji. Littafin da ka ara ana gobe jarrabawa, yau shekara ashirin da wani abu yana kan kantarka da sunan mai shi a shafin farko. Wasu abubuwan dai an yafe tun a lokacin, kowa ya sani, don akwai ɗakin da tukunya ɗaya ce. Amma akwai wanda ya yi shiru don kunya, ko don ƙaramin aji yake, ko don ba shi da bakin magana, ya kwana da yunwa da abin a ransa.

Allah Yana ba mu labari a Suratul Kahfi, aya ta 49, cewa ranar da aka ajiye littafi masu laifi za su ce: kaitonmu, me ya sami wannan littafi, ba ya barin ƙarami ko babba face ya ƙididdige shi. Littafin Baba mai shayi wataƙila gara ta cinye shi tuntuni. Wancan kuwa babu garar da ke kai masa.

Kuma bashi ba abin wasa ba ne a wurin Manzon Allah (SAW). Muslim ya ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi komai sai bashi. Bukhari ya kawo cewa an taɓa kawo gawa, Annabi ya tambaya ko akwai bashi a kansa, aka ce akwai, kuma bai bar abin biya ba, sai ya ce ku sallaci abokinku. Sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin bashin sannan ya yi masa salla.

Na kuɗi ma da sauƙi, ana iya ƙirgawa. Na harshe fa? Akwai wani yaro a ɗakinmu, daga ƙauye ya zo, riga biyu gare shi, Turancinsa na karyewa. Muka laƙaba masa suna, sunan ya bi shi har aji. Yana murmushi in an kira shi, mu kuwa muka ɗauka yana jin daɗi. Shi ne kuma mai tashinmu sallar asuba, ya bi gado-gado yana taɓa ƙafafunmu, mu yi tsaki mu ja bargo. Jiya ma a zauren da wancan sunan aka nuna shi a hoto, alhali yana cikin biyun da suka rasu. Ba wanda ya iya tuna cikakken sunansa na yanka sai da aka daɗe ana lalube.

Annabi (SAW) ya ce, a hadisin Abu Huraira da ke Bukhari, duk wanda ya zalunci ɗan uwansa a mutuncinsa ko a wani abu, to ya nemi warwarewa daga gare shi yau, kafin ranar da babu dinari babu dirhami. In yana da aikin ƙwarai a ɗiba gwargwadon zaluncin, in ba shi da shi a ɗebo zunuban wancan a ɗora masa. Ku lura da kalmar: yau. Mu da muke da lambar juna a aljihu, muna aika wa juna hotunan barka da Juma'a kowane mako, me ya rage mana?

Hanyar ba ta da wuya. Wanda yake raye, kira shi shi kaɗai, ba a cikin zaure ba, ka faɗi abin ka biya ko ka nemi yafiya. Zai iya yin dariya ya ce ya manta. Ba komai, ka dai ji kalmar daga bakinsa. Wanda ya rasu, haƙƙin dukiya na magadansa ne. In ka yi iyakar nema ba ka same su ba, malamai sun ce ka yi sadaka da kuɗin da niyyar ladan ya je masa. Wanda ka ci namansa kuwa, in faɗa masa zai tayar da sabuwar ƙura, ko ya riga mu gidan gaskiya, ka yawaita nema masa gafara, ka ambace shi da alheri a wurin da ka ɓata shi.

Ni dai da safen nan na rubuta a zauren cewa don Allah a daina kiran marigayi da wancan sunan, na kuma faɗa musu cewa shi ne mai tashinmu salla shekara uku. Na kira wani ɗan ajinmu da har yanzu yake zaune a Samaru, na ce ya bincika mini Baba mai shayi ko 'ya'yansa. Ya yi shiru, can ya ce, "Wallahi ni ma akwai ɗari da ashirin a kaina." Mun yi da shi Asabar zai shiga kasuwar Samaru ya tambayi tsofaffin masu shayi.