Takobinmu Yana Kan Doki, Nasu Yana da Takarda

Shekarata shida a Leeds, arewacin Ingila, kuma duk baƙon da ya zo mini daga gida sai na kai shi Royal Armouries, gidan adana makaman masarautar Ingila da aka buɗe a nan a 1996. Shiga kyauta ce. Akwai kwalkwalin nan mai ƙaho da sarki Maximilian na ɗaya na Daular Roma Mai Tsarki ya aiko wa sarkin Ingila Henry na takwas a 1514, akwai sulken giwa daga Indiya, ga takubba da wuƙaƙe jere a cikin gilashi. Ƙarfen ba ya tsayar da ni kamar 'yar takardar da ke gefensa: wane maƙeri, wane gari, wace shekara, hannun wa da wa ya bi kafin ya iso nan.

Masu tara irin waɗannan kaya a gidajensu ma haka suke. Na zauna da wani dattijo maƙwabcina da ke da takubba bakwai. Ba ya taɓa kaifin sai da safar hannu, wai gumin yatsa yana kawo tsatsa. Ba ya goge su su yi ƙyalli, domin duhun da shekaru suka bari a jikin ƙarfe shi ne shaidarsa. Kowanne da fayil ɗinsa. A wurin gwanjo, takobin da aka san asalinsa ya fi wanda ya fi shi kyau kuɗi.

Da na nuna masa hoton Hawan Daushe a wayata, ya daɗe bai ce komai ba. Abin da yake gani a bayan gilashi, mu muna sanye da shi a kan doki, cikin rana, ana kiɗa. 'Yan lifidi, 'yan sulke, takobi rataye da hamila, mahaya suna zuwa jafi gaban Sarki. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Fiye da shekara ɗari shida ke nan, kuma a 2024 UNESCO ta saka hawan Kano a jerin al'adun duniya. A wannan ɓangaren ba na jin ƙyashin kowa. Ban taɓa jin tsikar jikina ta tashi a Leeds kamar yadda take tashi a Ƙofar Kudu ba.

Sai dai ya yi mini tambayar da ta kashe mini jiki: wannan takobin na hoton, waye ya ƙera shi?

A zauren gidanmu akwai takobin kakana, kubensa jar fata aikin dukawa. Baffana ya kan ce da shi aka yi yaƙi, amma wane yaƙi, a hannun wa, tsofaffin da suka sani sun riga mu gidan gaskiya ba wanda ya rubuta. Wata Sallah aka ba yara suka dirje shi da yashi don ya yi haske, alamar da ke kusa da ƙotarsa ta shafe. Sai a nan Leeds na gane cewa irin wannan alamar ce ke nuna inda aka ƙera ƙarfe, domin takubba da yawa na ƙasashenmu kaifinsu daga Solingen ta Jamus fatake suka kawo ta hamada, maƙeranmu suka sa musu ƙota, dukawa suka ɗinka kube. Tarihin cinikin Sahara guda muka goge da hannunmu.

Na ga irin takubbanmu a kasuwar tsofaffin makamai a nan, an rubuta "Afirka ta Yamma, ƙarni na 19", shi ke nan. Ba gari, ba gida, ba sunan mai shi. Wani dillali ya saye shi a arha daga magada.

Gidan Makama, gidan tarihi na Kano, yana nan, amma yawancin kayan suna gidajen sarauta da zaurukan mutane. Na kira ƙanina makon jiya, na ce ya ɗauki littafi ya je wurin Gwaggo, ita kaɗai ta rage da ta ga Kaka rataye da shi, ya rubuta duk abin da ta tuna, ya saka takardar cikin kuben.