Gobe ba a hannunka take ba

'Yan'uwana ƙaunatattu cikin Almasihu, akwai girman kan da kowa yake ganewa, irin na mai raina talaka ko mai ƙin amsa gaisuwa, amma akwai wanda ya fi shi iya ɓuya, har yakan zauna daram a zukatan masu zuwa sujada kowace Lahadi. Shi ne na mutumin da ya san zunubinsa sarai, Ruhu Mai Tsarki ya sha tsawata masa, amma ya ce a ransa, “Zan tuba, sai dai ba yanzu ba.” Mai faɗin haka ya ɗauka ransa a hannunsa yake, ya kuma ɗauka Allah zai tsaya jiransa har ya gama abin da ya sa a gaba.

Ku duba Nebukadnezzar sarkin Babila a littafin Daniyel sura 4. Ya yi mafarkin wani babban itace da aka sare, aka bar kututturensa, da annabi Daniyel ya zo fassara mafarkin kuwa bai ɓoye masa komai ba, ya ce sarkin da kansa ne itacen. Ya roƙe shi ya rabu da zunubansa ta wurin aikata adalci da jin ƙan waɗanda ake zalunta, ko watakila a tsawaita masa zaman lafiyarsa. Abin da ya fi tayar mini da hankali a labarin nan shi ne hukuncin bai sauko washegari ba. Wata 12 cur aka ba shi. Kowace safiya ya tashi ya tarar da gadon sarautarsa yana nan, fadawa suna faɗuwa suna gaisuwa, babu abin da ya taɓa shi, har gargaɗin ya dusashe a kunnensa. Ran nan yana yawo a kan benen fadarsa, ya dubi birnin, ya yi taƙama cewa da ƙarfin ikonsa ya gina shi domin darajar kansa. Bai rufe baki ba murya ta zo daga sama cewa an ƙwace mulkin. Aka kore shi daga cikin mutane, ya ci ciyawa kamar sa, raɓa tana jiƙa shi, gashinsa da faratansa suka yi tsawo, har ranar da ya ɗaga ido sama ya amince cewa Maɗaukaki ne yake mulki.

Wata 12 ɗin nan jinƙai ne, amma sarki ya ɗauke shi a matsayin shaidar cewa babu abin da zai faru. Manzo Bulus ya yi gargaɗi a kan wannan a Romawa 2:4, inda ya nuna cewa alherin Allah da haƙurinsa domin su jawo mu ga tuba ne. Don haka lafiyar da kake da ita yau da buɗin da kake samu ba su nuna cewa Allah ya yarda da halinka ba.

Gwamna Filikus ma haka ya yi a Kaisariya. Bulus, wanda yake tsare a hannunsa, ya yi masa magana a kan adalci da kamun kai da shari'a mai zuwa, tsoro ya kama shi, amma ya sallame shi da cewa zai kira shi in ya sami zarafi. Shekara 2 yana kiransa suna zance, sai dai cin hanci yake sa ran samu daga wurinsa, har ya bar kujerarsa Bulus yana ɗaure. Zarafin ji bai ƙare masa ba, tsoron ne ba mu sāke jin labarinsa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, zuciyar da ta saba cewa “sai an jima” kuwa ƙara taurare take yi, shi ya sa Ibraniyawa 3:15 ta ce in mun ji muryarsa yau, kada mu taurare zukatanmu.

Ya ɗan'uwana, wataƙila akwai wanda ka zalunta, kun shekara ba ku magana, kana hango shi a majami'a ka sauya wurin zama, kuma abin da ya hana ka cewa “ka yafe mini” bai wuce ganin ka girme shi ko ka fi shi matsayi ba. Kana miƙa hannu ka karɓi Jibin Ubangiji da wannan nauyi a ƙirjinka. Ubangiji Yesu ya ce a Matiyu 5:23-24, in ka kawo baikonka gaban bagadi ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka ajiye baikon a nan, ka je ku shirya tukuna. Ka durƙusa yau ka ambaci zunubin da sunansa a gaban Allah ba tare da kawo hujja ba, ka mayar da abin da ba naka ba, sa'an nan ka tashi ka nemi ɗan'uwan nan, ko da shi ne ƙaraminka.