Tsoron allurar korona a Indiya yana da tarihi

A watan Mayun 2021 ma'aikatan lafiya suka shiga wani ƙauye a yankin Barabanki na jihar Uttar Pradesh da allurar korona, mutane na hango su sai wasu suka ruga suka faɗa kogi, wai an ce musu allurar guba ce. Aka yi ta dariya a soshiyal midiya ana cewa jahilci ne, ni kam wallahi tausayi abun ya ba ni.

Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma ma gudu yake. Tsakanin 1975 da 1977, lokacin dokar ta-ɓaci ta Firaminista Indira Gandhi, miliyoyin mutane aka yi wa aikin hana haihuwa, da yawansu talakawa ne kuma ba da son ransu ba, to jikokinsu ne fa yau ake ce wa miƙo hannu, ta yaya jita-jitar cewa allura na kashe mazakuta ba za ta samu gindin zama ba? Mu da muka ga yadda aka ƙauracewa rigakafin foliyo a Kano a 2003 mun san wannan tsoron.

Gwamnati ma ta ƙara wa wutar fetur. An amince da allurar Covaxin ta kamfanin Bharat Biotech a farkon Janairun 2021 tun ba a fitar da sakamakon gwajin mataki na uku ba, har wasu likitoci suka riƙa cewa su dai ɗaya allurar, Covishield, suke so. Ga rajista a manhajar CoWIN, wadda a farko da Turanci take, manomin da ba shi da babbar waya ina zai sa kansa?

Da nau'in Delta ya barke a Afrilu da Mayu, har aka kai ana samun sama da mutum 400,000 da suka kamu a rana, iskar oksijin ta yanke a asibitoci, sai layi ya cika allurar kuma ta yi ƙaranci. Amma a ƙauyuka, a ganina matan nan 'yan ASHA, wato masu aikin lafiya a cikin al'umma, ne suka yi aikin, da akwatin sanyi da littafin rajista suna bin gida gida, matar da ta raka ki awo ta tsaya miki ranar haihuwa ita ce ke ce miki Didi, wato Yaya, nima an min, zazzaɓin kwana ɗaya ne kawai. Zuwa 21 ga Oktoban 2021 an yi allura biliyan 1, kuma har yau ɗan alawus ake ba waɗannan matan, ba a ɗauke su cikakkun ma'aikata masu albashi ba.