Baƙo a babban birni: girki mai kyau ba ya kusa da masauki

Duk wanda ya taɓa sauka a birni irin Landan ko New York ko Toronto ya san ruɗanin da ke kama baƙo idan yunwa ta taso, domin gidajen abinci sun fi a ƙirga, ga kuma waya a hannu tana jero sunaye da taurari. Yawancin baƙi sukan faɗa wanda ya fi kusa da masaukinsu ko da wurin da suka je kallo, kuma a ganina nan ne ake tafka kuskure.

Gidan abincin da ke bakin dandalin masu yawon buɗe ido yana biyan haya mai tsada, kuma mai shi ya san cewa wanda ya ci yau gobe ya yi gaba, saboda haka babu abin da ke tilasta masa ya kyautata girki. Kuɗin wurin zama baƙo yake biya, abincin gyara ne aka ɗora masa. Wanda ke dafa wa 'yan ƙasarsu a unguwar 'yan ci-rani kuwa, masu cin abincinsa sun san ɗanɗanon tun suna yara, kuma idan ya rage yaji ko ya tsinka miya, kafin mako ya zagayo labari ya bazu.

Irin waɗannan unguwanni ba su da wuyar zuwa. A New York, jirgin ƙasa mai lamba 7 yana ratsa Jackson Heights, inda 'yan Indiya da Nepal da Kolombiya ke kasuwanci kafaɗa da kafaɗa, sannan ya ƙare a Flushing, matattarar 'yan China da Koriya. A yammacin Landan akwai Southall ta 'yan Punjab. Hatta kundin Michelin mai ba fitattun gidajen abinci taurarin yabo, wanda kamfanin tayar mota na Faransa ya fara bugawa a 1900, ya bi sahu a 2016, lokacin da ya ba rumfunan abinci biyu na Singapore tauraro, shekara huɗu kafin hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sanya al'adar waɗannan rumfuna cikin kayan gado na duniya.

Masu ja da wannan ra'ayi sukan kawo batun tsafta, kuma damuwarsu tana kan hanya, sai dai hukumomi sun sauƙaƙa abin. Tun 2010 gidajen abincin New York ke liƙa harafin A ko B ko C a ƙofa gwargwadon sakamakon duba-gari, a Landan kuma maki ne daga 0 zuwa 5. Bayan wannan, ido ya ishi mutum: idan ka leƙa ka ga kaka da jikokinta sun zagaye tebur, direbobin tasi sun yi layi, an rubuta sunayen abinci da harshen masu shi kafin Turanci, to ka iso.

Abin da ya fi ba baƙo kunya shi ne lokacin biya. A Amurka ana sa ran tukuicin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, domin da shi masu kai abinci tebur ke cike gibin albashi, yayin da gidaje da yawa a Landan ke ƙara kashi 12.5 a cikin takardar kuɗi tun da farko, wanda bai karanta ta da kyau ba sai ya biya tukuici sau biyu.