Jefa dayis ko rabon maki: wace hanya ce ta fi adalci a teburin wasa?

A ƙasar da nake zaune yanzu ina buga Dungeons & Dragons, wasan teburi da kowane ɗan wasa ke taka rawar wani jarumi a cikin labari, da rukuni biyu, kuma kowanne yana da tasa ƙa'idar wajen fitar da makin baiwa shida na jarumi, wato ƙarfi, zafin nama, juriya, basira, hikima da kwarjini. Rukunin farko jefa dayis suke yi, na biyun kuwa raba maki suke yi, kuma a ganina kowanne ya riƙe rabin gaskiya ne kawai.

Lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan a 1974, dayis uku masu fuska shida ake jefawa don kowace baiwa, bi da bi, abin da ya fito shi ne rabon mutum, matsakaicinsa 10.5. Rukunin farko suna bin hanyar da ta fi yaɗuwa daga baya: a jefa huɗu, a watsar da mafi ƙanƙanta, matsakaicin ya haura 12 kaɗan. Daɗin wannan hanya ba ya ɓuya, domin jarumi mai rauni a wani fanni yakan haifar da labarin da ba wanda ya tsara shi. Amma duk maki biyu ƙarin ɗaya ne a kan dayis mai fuska 20 da ake jefawa don sanin ko yunƙurin jarumi ya yi nasara, wato kashi 5 cikin ɗari, saboda haka wanda ya sami 18 ya fi mai 12 da kashi 15 cikin ɗari a duk yunƙurin da ya shafi wannan baiwa, kuma haka za a yi ta tafiya wata da watanni saboda sa'ar dare ɗaya. Wannan ba adalci ba ne, musamman ga sabon shiga da bai san yadda zai rufe rauninsa ba.

Rukuni na biyu suna amfani da maki 27 da ake rabawa a tsakanin baiwa shidan, kamar yadda yake a littafin ƙa'idojin wasan bugun 2014, inda kowace baiwa take farawa daga 8 ta tsaya a 15, ko kuma jerin da aka tanada: 15, 14, 13, 12, 10, 8. Ba a zaluntar kowa, sai dai jarumai kan fito kamar an buga su a injin ɗaya, mayaƙi ya bar basira da mafi ƙarancin maki, matsafi kuma ya bar ƙarfi.

Ƙa'idar da nake goyon baya ita ce a jefa dayis a gaban kowa, kowane ɗan wasa ya fitar da jerinsa na lamba shida, sannan a buɗe wa kowa damar ɗaukar jerin da ya ga dama daga cikinsu. Sa'ar mutum ɗaya ta zama ta teburi duka, zumuɗin jefawa kuma bai ɓace ba. Gaskiya ne jarumai za su fi ƙarfi fiye da yadda littafin ya yi hasashe, amma ƙara wa abokan gaba ƙarfi abu ne mai sauƙi ga jagoran wasa, ya fi masa sauƙi nesa ba kusa ba a kan daidaita faɗa ɗaya tsakanin jarumin da ya fi kowa da wanda aka bari a baya.